Amana a Wurin Rabon Abinci

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, 2 Sarakuna 5:20-27

Mai karatu, ɗanka ya gama makaranta ya sami aiki a wata ƙungiyar agaji? Ko kuwa kai ne saurayin? Wannan darasi naku ne, ku karanta shi tare.

A shekara ta 2005 yunwa ta faɗa wa ƙasar Nijar, gama fari da fara sun ɓata amfanin gona na 2004. Daga lokacin ƙungiyoyin agaji suka yawaita a jihar Damagaram. A Matameye da Kance da ƙauyukansu akan ɗauki samari da 'yammata aiki. Wani yana auna damtsen yara masu tamowa, wata tana rubuta sunayen uwaye, wani kuma yana riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya. Sau da yawa aikin na 'yan watanni ne, jaraba kuwa tana da yawa.

1. Rabon abinci aikin Allah ne

A ikilisiya ta fari a Urushalima gunaguni ya tashi, domin ana manta da waɗansu gwauraye mata wajen rabon kowace rana. Manzanni ba su rena maganar ba. Aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, aka yi musu addu'a. Istifanas yana cikinsu, da Filibus wanda daga baya ya kai bishara Samariya. Saboda haka kada ka ce aikinka ƙarami ne. Wanda yake riƙe da tiya, Allah yana duban hannunsa.

2. Ka tuna da Gehazi

Na'aman ya warke daga kuturta, annabi Elisha kuwa ya ƙi karɓar kome. Amma baransa Gehazi ya bi Na'aman a guje, ya yi ƙarya, ya karɓi azurfa talanti 2 da tufafi, ya ɓoye. Kuturta ta kama shi.

Hanyar Gehazi tana nan. Ana rage tiya ɗaya daga kowane buhu. Ana rubuta sunan yaron da babu shi. Ana kai abincin tamowa kasuwa. Ɗan'uwa, abincin nan ba naka ba ne, ba kuma na ƙungiya ba ne. Na yaron nan ne da uwarsa ta goyo tun asuba. Ko abokan aiki sun ce kowa yana yi, kai na Almasihu ne.

3. Magana ga iyaye

Sau da yawa jarabar daga gida take fitowa. Kawu ya ce, "Sa sunana." Gwaggo ta ce, "Ɗanmu yana ciki, mu kwana da yunwa?" Ku iyaye, kada ku sa ɗanku tsakanin kunyarku da tsoron Allah. In ya taimake ku daga albashinsa, ku karɓa da godiya. In ya ƙi taɓa kayan amana, ku sa masa albarka, ku tsaya masa a gaban dangi.

4. Girma sai a hankali

A 1981 Tony Rinaudo, saurayi ɗan Ostireliya, ya zo aiki da mishan ta SIM a Maraɗi. Itatuwan da ya dasa, yawancinsu sun mutu. A 1983 ya lura kututturan da ke cikin gonaki suna da saiwa mai rai, sai a rage tohon, a bar masu ƙarfi su girma. Manoman Matameye da Magariya da Mirriya ma sun bar gawo ya tashi a gonakinsu, ga shi ƙasa tana cin moriya. Haka Ubangiji yake yi da kai. Yana sassabe girmankai da kwaɗayi, yana barin aminci ya yi tsawo. Aikin zai ƙare wata rana, amma shaidarka za ta bi ka.

In ka riga ka taɓa kayan amana, kada ka ɓoye kamar Gehazi. Ka tuba, ka mayar. Yesu Mai Ceto yana gafartawa.

Tambayoyi
1. Wane irin mutane aka zaɓa domin rabon abinci?
2. Mene ne ya jawo wa Gehazi kuturta?
3. Ta yaya gidanku zai taimaki ɗanku ya riƙe amana?

Aya ta haddacewa: Luka 16:10

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare hannuwan 'ya'yanmu, ka ba mu zuciya mai wadar zuci. Cikin sunan Yesu. Amin.