Auroracoin: kwandalar da aka raba wa ƙasa guda kyauta

A aikin binciken asusun ƙungiyoyi da ƙananan kamfanoni, mai wannan rubutu ya sha karɓar matasa riƙe da takarda mai shafi biyar ko shida. Shirin kusan iri ɗaya ne koyaushe: za a ƙirƙiri kuɗin kirifto na al'umma, a raba wa mutanen gari ko 'yan ƙungiya kyauta, farashi ya hau, kowa ya samu. Niyyar yawancinsu mai kyau ce, ba damfara suka ƙulla ba. Kafin ya buɗe takardar, yakan ba su labarin abin da ya faru a ƙasar Aislan a 2014, domin a can an gwada wannan tunanin a kan ƙasa sukutum.

Aislan tsibiri ne a arewacin tekun Atilantika, mutanensa a lokacin sun ɗan haura 320,000. A watan Oktoban 2008 manyan bankunanta uku, Kaupthing da Landsbanki da Glitnir, suka durƙushe cikin mako guda. Darajar kuɗin ƙasar, krona, ta zube, gwamnati ta kafa dokar taƙaita fitar da kuɗi waje. Shekara biyar bayan haka dokar tana nan daram, mutane kuma sun gaji da ita.

Cikin wannan yanayi, a farkon 2014, wani ya ɓullo da Auroracoin. Bai bayyana kansa ba, ya sa hannu da sunan aro, Baldur Friggjar Odinsson, wanda ya harhaɗa daga sunayen allolin tatsuniyoyin mutanen yankin. Ya kwafi tsarin wani kuɗin kirifto mai suna Litecoin, ya ƙayyade cewa kwandalolin ba za su wuce miliyan 21 ba. Rabinsu, miliyan 10.5, ya samar da su tun kafin kowa ya fara haƙa (wato samar da sababbin kwandaloli ta aikin kwamfuta), ya ce na 'yan ƙasa ne: duk wanda ke cikin rajistar ƙasa zai karɓi 31.8, ta hanyar lambar shaidarsa, daga ranar 25 ga Maris.

Tun kafin ranar rabon, kasuwa ta ɗauki zafi. 'Yan cinikin kirifto na ƙasashen waje suka yi ca a kan 'yan kwandalolin da aka riga aka haƙa, kuma a farkon Maris farashin guda ya haura dala 90. A shafukan da ke jera kuɗaɗen kirifto, Auroracoin ta sha gaban Litecoin ɗin da aka kwafo ta daga gare ta.

A nan ne mai binciken asusu ke tsayawa, domin nan kuskuren yake. Shafukan suna ɗaukar farashin cinikin ƙarshe su ninka shi da yawan kwandalolin da ke akwai, har da miliyan 10.5 ɗin da ke kulle ba wanda ya taɓa su. Kamar a ce mutum yana da buhun gero dubu a rumbu, ya auna mudu ɗaya ya sayar da tsada ranar da babu gero a kasuwa, sai ya zauna yana lissafin dukiyarsa da wannan farashin. Ranar da ya fito da buhunan duka, farashin da ya yi lissafi da shi ba ya nan. Ɗaruruwan miliyoyin dalolin da aka ce Auroracoin ta kai ba su taɓa zama a aljihun kowa ba.

Hukumomi ba su yi shiru ba. Babban bankin ƙasar da hukumomin sa ido kan harkar kuɗi sun gargaɗi jama'a, shi kuma Frosti Sigurjonsson, shugaban kwamitin tattalin arziki na majalisar dokoki, ya fito fili ya nuna shakkarsa game da shirin.

Kafin ranar rabo ta zo, farashin ya riga ya sauko wajen dala 12, wato kason mutum ɗaya ya kai kimanin dala 380. Da aka buɗe ƙofa, waɗanda suka karɓa suka yi abin da kowane mai hankali zai yi da kyautar da ba ta sayen burodi: suka garzaya suka sayar. Cikin kwana ɗaya farashin ya faɗi da kusan rabi. Mafi yawan 'yan ƙasar ma ba su je karɓa ba. A zagaye na biyu aka ɗaga kason zuwa 318, a na uku zuwa 636, amma a lokacin kwandalar ta koma 'yan santai. Abin da ya rage ba a karɓa ba, sama da miliyan 5, an ƙone shi, wato an tura shi adireshin da babu mai iya cirowa.

Abin da ya biyo baya ya cancanci girmamawa. Wasu 'yan sa-kai suka kafa gidauniya a 2015, suka karɓi ragamar, suka gyara tsarin haƙar, suka yi ta bin masu shaguna suna roƙon su karɓi kwandalar. Sun yi aiki tuƙuru, ba albashi. Sai dai amana idan ta tsiyaye, tara ta yana da wuya, kuma a Maris ɗin 2017 gwamnati ta ɗage mafi yawan takunkumin fitar da kuɗi. Dalilin da aka kafa Auroracoin a kansa ya kau.

Hukuncin marubucin nan shi ne, ba ɓarawo ne ya kashe Auroracoin ba. Rabon da aka yi alkawari an yi shi. Abin da aka rasa shi ne wurin kashe kuɗin. Ana biyan haraji da albashi da kuɗin haya da krona, don haka duk wanda ya karɓi kwandalar mai sayarwa ne, masu saye kuwa 'yan jiran riba ne daga nesa, waɗanda suka watse da zarar iska ta juya.

Matasan Arewacin Najeriya da suka shafe watanni suna danna waya a kan wasan Hamster Kombat mai alkawarin kuɗin kirifto sun ɗanɗana makamancin wannan a Satumban 2024, lokacin da miliyoyin mutane suka karɓi kasonsu rana ɗaya, kowa yana neman mai saye.

Shi ya sa idan aka kawo wa marubucin nan irin wannan takarda, tambayoyinsa ba su da yawa. Wane mai shago ne ya amince zai karɓi kwandalar, kuma shi wa zai biya da ita? Wa ke riƙe da mabuɗin kason da aka ware, an san fuskarsa da inda yake kwana? Idan mutum ɗari suka zo sayarwa gobe da safe, kuɗin wa za a ba su? A takardun da suka biyo ta teburinsa, tambayar farko ce aka fi barin ta babu amsa. Akwai kuma batun doka: tun 2025 dokar zuba jari ta Najeriya ta sa kadarorin intanet a ƙarƙashin hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari.

Ga shugabannin ƙungiyoyi da iyayen da ake roƙo su sa albarka ko su sa kuɗi a irin wannan shiri: ku nemi a rubuta muku amsoshin tambayoyin nan uku a takarda, ku kai wa akanta ya duba, kafin ku bari a ambaci sunan garinku ko ƙungiyarku a jikin kwandala.