Yadda Ake Gano Abin da ke Sa Fitilar Tsohuwar Mota Rawa

Direban da ke ɗauko albasa daga Aliero da dare, ko mai bin hanyar Jega zuwa Maiyama bayan isha'i, ya san wannan ciwo: ka taka totur fitila ta haska tar, ka saki ta koma kamar aci-balbal. Tsofaffin Golf da Fijo 504 da J5 sun sha yin haka. Da yawa sai su garzaya sayen batir, alhali sau tari batirin bai yi laifin komai ba, wutar da ake ba shi ce ba ta isa. Ka fara bincike daga abu mai araha.

Da farko ka lura: fitila ɗaya ce ke rawa, ko har da na dasbod da na cikin mota? In ɗaya ce, duba soket ɗinta da wayarta, ka bar caji ya huta. In duka ne, buɗe bonet.

Kashe mota, ka kama kan batir ka murɗa. In ya motsa, ko ka ga farin gari ko kore ya taru a kai, wataƙila ka riga ka kama ɓarawon. Cire na nagetif tukuna, sannan na fozitif, ka wanke da ruwan zafi da 'yar kanwa, ka goge da samfefa, ka mayar da na nagetif a ƙarshe, ka ɗaure tamau. Kada ka manta da wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da inji. Ita aka fi rainawa, kuma gargadar hanya da tsatsa sun fi cin ta.

Sai fanbel. Danna tsakiyarsa da babban yatsa; in ya lotsa fiye da santimita 1, ya saki. In ya tsattsage ko yana ƙyalli, ko yana kuka da safe, sauya shi. Zafin Maris da Afrilu a Kebbi ba ya barin roba ta daɗe.

Yanzu aka zo gun mitar auna wuta, kuma nan ne gaskiya take fitowa. Kowane mai wayarin na kirki yana da ita. A ɗora ta a kan batir mota na kashe: bolt 12.4 zuwa 12.6 lafiya ne. A tayar da inji: ya kamata ta nuna 13.8 zuwa 14.4. Sai a kunna fitila da fanka, a ɗan ƙara totur, a zuba wa lambar ido. In ta tsaya ƙasa da 13, altaneta ba ta ba da wuta sosai, kuma galibi gawayin cikinta ne ya cinye, abin da ƙurar hunturu ke gaggautawa. In lambar na hawa da sauka, a zargi gawayin ko regileta. In kuwa ta haura 15, regileta ta lalace, kuma wannan ya fi haɗari: batir zai yi zafi, ruwansa ya ƙafe, ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila su yi ta ƙonewa. Irin wannan mota ba ta doguwar tafiya ba ce sai an gyara.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon a daina: cire kan batir inji na aiki, wai a ga ko motar za ta mutu. Batir shi ke shanye tsallen wuta. Ka cire shi, wutar na iya ƙona diyod na altaneta, a Golf 3 ma har da kwamfutar injin. Gwajin da ake ganin kyauta ne yakan jawo asarar da ta fi kuɗin mita nesa ba kusa ba.

In gawayi ne ko regileta, ba dole sai ka sayi altaneta sukutum ba. Ana sauya su kaɗai. Bayan gyara ka sa a sake aunawa a gabanka, fitila a kunne. Sai caji ya daidaita sannan a gwada batir, in ba ya riƙe wuta a sauya shi. Malam direba, in mitar ba ta nuna maka 13.8 zuwa 14.4 ba, kada ka ɗauki fasinja ka hau titi da dare.