Ƙaramin jirgi a mararraba

A ƙasashen Turai akwai mutane, yara da manya, masu shimfiɗa ƙaramin dogo bisa tebur a cikin ɗaki. Suna gina tasha da gada da tudu da kwali da katako, sa'an nan su ɗora ɗan jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki. Ya yi kama da babban jirgi a kome, girma kaɗai aka rage. Awon da aka fi so sunansa HO, inda ake rage kowane tsawo sau 87. Tsakanin ƙarafa biyu na babban dogon Turai akwai milimita 1435, a na wasa kuwa milimita 16,5 ne. A birnin Hamburg na Jamus an buɗe wani gida a shekarar 2001, mai suna Miniatur Wunderland, wanda dogon wasan da ke cikinsa ya zarce kilomita 15.

Jirgin ƙasa ba a juya shi kamar mota. Kowace ƙafarsa tana da leɓe ta ciki, leɓen nan ne ke bin gefen ƙarfe. Bisa miƙaƙƙen dogo wannan ya isa. Wahalar tana mararraba, wurin da hanya ɗaya take rabuwa biyu.

A bakin mararraba akwai siraran ƙarafa biyu masu motsi tare, ana ce musu harsuna. Ɗaya yana mannewa da ƙarfen gefe, ɗayan ya bar rata. Wanda ya manne shi ke karkata ƙafa dama ko hagu. Gaba kaɗan ƙarafa biyu suna gittawa, an bar giɓi a wurin don leɓe ya wuce. Faransawa suna kiran wurin nan zuciya, masu jin Ingilishi suna ce masa kwaɗo. Daura da shi akwai wani guntun ƙarfe, ɗan rakiya, mai riƙe ɗaya ƙafar kada ƴar'uwarta ta ɓace hanya a giɓin.

To, ga tarago ya sauka daga dogo. Mai gaggawa sai ya maida shi, ya ƙara gudu, ko ya ɗauko zarto ya hau goge ƙarfe. Sau da yawa nan ne yake lalata mararrabar da ba ta da laifi. Wanda ya san aiki ba ya taɓa kome tukuna. Yana cire kan jirgi, ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da dogo, ya tura taragon da yatsa sannu sannu. Abin da yake nema shi ne wurin da leɓe ya fara hawa ƙarfe, domin inda tarago ya kife ba nan ne ya fara sauka ba. Yakan yi tafiyar santimita da yawa leɓensa na bisa ƙarfe kafin ya faɗi.

Bayan haka ya juya taragon gaba ya koma baya, ya sake turawa. Ya kawo waɗansu taragu, su ma ya gwada su. In duka suna sauka wuri guda, laifin mararraba ne. In tarago ɗaya ne ke sauka nan da can, sauran na wucewa lafiya, laifin taragon ne.

A mararraba, harshe ake fara dubawa. Ƙwayar yashi guda ta isa ta hana shi mannewa. Kada a rena ta: ƙwayar rabin milimita a ƙaramin dogo daidai take da dutse mai santimita 4 da ɗoriya a babba. Leɓe yana shiga ratar, ƙafafun gaba su bi dama, na baya su bi hagu. Wani lokaci ƙusa ce aka buga da ƙarfi har ta lanƙwasa mararrabar, ko katakon tebur ya sha laima ya kumbura.

A tarago kuwa, ana auna tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa. A awon HO ya kamata a sami kusan milimita 14 da rabi. In ya gaza, ƙafa tana hawa ɗan rakiya. In ya zarce, leɓe yana bugun tsinin zuciya. Dauɗa ma takan taru a ƙafa har ta rage zurfin leɓe. Tarago marar nauyi da aka sa tsakanin masu nauyi yakan yi tsalle in jirgi na ja da baya, sai a liƙa masa ɗan ƙarfe a ciki. Kowace irin cuta aka gano, abu ɗaya ake gyarawa, a gwada, kafin a taɓa na biyu. Wanda ya gyara uku gaba ɗaya ba zai san wanne ne ya yi magani ba.

A tebur, tarago ne kawai ke kifewa. A babban dogo akwai rayuka. Ran 12 ga Yuli 2013, a tashar Brétigny kusa da Paris, wani ƙarfe mai haɗa dogo biyu ya kwance, ya maƙale cikin zuciyar mararraba. Jirgin fasinja ya sauka, mutum 7 suka mutu.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ɗan rakiya?
2. Taragu biyar sun wuce mararraba lafiya, na shida ya sauka. Ina za a fara dubawa? Don me?
3. Babban tarago yana da tsawon mita 26,1. Santimita nawa ne tsawonsa a awon HO?