Amsoshin Tambayoyinku: An ce lafiyata ƙalau, amma jikina bai yarda ba

Tambaya: Wata takwas ke nan tun rasuwar maigidana nake fama da faɗuwar gaba, ciwon kai, da wani abu mai yawo a fatar kaina kamar kiyashi. An auna jini, an duba suga, an yi hoton ƙirji, an ce ba komai. Dangi sun fara maganar sammu. Mene ne ke damuna? — Wata baiwar Allah daga Zariya

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa. Ciwon nan na gaske ne, tushensa ne gwaji bai gano ba.

Idan damuwa ta daɗe a rai, jiki yakan yi ta sakin sinadaran firgici, adirenalin da kotizol. Su ke sa zuciya ta yi ta dukan uku-uku, jijiyoyin wuya su ɗaure, barci ya ƙaura. Sai kuma hankali ya tare a kan jiki. Motsin da a da ba ki ko lura da shi, yanzu ƙarfe biyun dare kin kifa kunne a kan filo kina ƙirga bugun ƙirjinki. Tsoro ya ƙara bugu, bugu ya ƙara tsoro.

Masu irin halinki suna da yawa. A wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 14, har da Ibadan, wanda aka wallafa a 1999, kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa ciwon jiki kaɗai suka kai wa likita. Mu ma haka muke: da wuya mutum ya ce "ina cikin baƙin ciki", sai dai "jikina ba daɗi".

Duk da haka ban yarda a ce miki "ba komai" a sallame ki ba. A lardin Manitoba na Kanada, wani bincike na 1982 ya nuna tsofaffin da suka ce lafiyarsu ba kyau sun fi saurin mutuwa, ko da takardun asibitinsu sun yi kama da na sauran.

Ki koma wurin likita, wannan karon ki fara da labarin rasuwar da rashin barcin. Ki nemi a duba sinadarin maƙoshi mai haddasa maƙoƙo, don shi ma yana kawo faɗuwar gaba. In ya tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa, ki je; ba cewa ya yi kin haukace ba. Addu'a ki riƙe ta, amma mai cewa ki kawo baƙin bunsuru, ki riƙe kuɗinki. In kuwa kin fara jin gara ki bi marigayin, ki je asibiti a ranar, tare da wani naki.