Waya Ba Fiyus: Abin da Ya Sami Wata Hilux a Hanyar Bertoua

 Ni mai wayarin mota ne a nan Briqueterie, wadda muke ce wa Brik, cikin Yawunde, kuma rubutu ba sana'ata ba ce. Wata Hilux da janwe ya sauke mini a bakin gareji ita ta zaunar da ni yin wannan, don har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi.

Motar ta wani Alhaji ce mai harkar shadda da atamfa. Dizal ce, mai ƙofa huɗu, tana kai kaya Bertoua, wani lokaci ta zarce har Yokadouma ta hanyar jar ƙasar nan da manyan motocin katako ke bi. Direbanta dattijo ne, Baba muke ce masa, irin mutanen da ba sa tashin mota sai sun duba mai da ruwa. A bara wani ɗan acaɓa ya faɗo masa a wajen kasuwar Mokolo. Kun san yadda ake yi. Kafin ka buɗe ƙofa babura sun kewaye ka, kuma mai mota shi ne da laifi ko da a tsaye aka same shi. Alhaji ya biya asibiti, ya biya gyaran babur, ya rantse sai ya sa kyamara. Ban ga laifinsa ba. Ita kanta gwamnati, bayan hatsarin gangaren Dschang na Janairun 2021 da ya ci rai fiye da 50, ta fara sa kyamarori a motocin safa masu dogon zango. Ni ma ina sa wa mutane, kuma na ga inda ta wanke direba a gaban 'yan sanda. A wajen haɗawa ake samun masifa.

Alhaji ya sayi kyamarar wajen masu talla a WhatsApp, ta zo da cajarta ta ramin laita. Da an bar ta a haka da ba a zo wannan maganar ba. Amma Baba yana son ramin don cajin salularsa, shi kuma Alhaji yana son kyamarar ta kwana tana ɗauka saboda ɓarayin madubi da fitila. Sai aka kai motar wajen wani yaro mai sa sifika da baƙar leda a gilashi, a bakin titi. Sefa dubu biyu ya karɓa. Kafin Alhaji ya gama cin tsirensa an miƙo masa makulli.

Da na kwance dashbod ga abin da na tarar. Yaron ya sayi ramin laita na daban, ya cusa cajar ciki, ya naɗe su da salatif, ya tura bayan rediyo. Daga nan ya ja wayar sifika, siririyar nan mai ja da baƙi, yana neman inda zai fitar da ita wajen inji. Robar da kamfani ya sa a bangon inji ta yi masa tauri, sai ya sami wani ɗan rami mai kaifin baki a jikin ƙarfen, ya zura wayar ta nan tsirara. Ya sassauta notin kan batir na wuta, ya murɗa bakin wayar, ya ɗaure. Shi ke nan. Daga kan batir har bayan rediyo, kusan mita biyu, babu fiyus ko ɗaya.

Motar kuwa ta yi ta faɗa musu, ba wanda ya saurara. In ta yi kwana uku a ajiye, da safe sai turi. Hilux dizal ana turawa a lungun Brik, yara suna ihu. Aka ce batir ne, aka sayi sabo. Shi ma ya fara, aka ce altaneta ce, wani ya kwance ta ya canza kayan da ba abin da ya same su, ya karɓi kuɗinsa. A cikinsu duka ba wanda ya ɗora mita ya ga abin da motar ke sha a kashe, aikin da bai wuce minti biyar ba. Lafiyayyar mota in ta yi barci ba ta cika wuce 0.05A ba. Irin wannan kyamarar tana jan 0.3A ko fiye, dare da rana. Ku lissafa da kanku, sama da 7Ah ke nan kullum, a kan batir mai 70Ah wanda dama ba cika yake yi ba saboda cunkoson Yawunde. Batirin ruwa kuma in ya yi ta sauka ƙasa ba ya komawa yadda yake, ko da sabo ne fil.

Baba ya ce mini tun kafin abin ya faru yana jin ƙaurin roba in sun shiga gargada, kyamarar tana ɗaukewa tana dawowa. Ya faɗa wa Alhaji. Alhaji ya ce hayaƙin manyan motoci ne.

Tsakanin Ayos da Abong-Mbang abin ya same su, da hantsi, da dilolin atamfa a baya. Ƙarfen ya gama cin robar wayar, tagulla ta kwanta a jikin bodi. Batirin da ke juya injin dizal ɗaruruwan ampiya yake iya turowa, kuma duk ta wannan siririyar waya suka bi. Ta yi jawur, ta narke cikin damin wayoyin da ke bayan dashbod, hayaƙi ya turnuƙe ta ramukan iska. Baba ya tsaya ya kashe makulli, wuta ta ƙi mutuwa, don ba ta makulli take bi ba. Ya ɗauko tukunyar kashe gobara ya matsa, ko iska babu. Allurarta ta daɗe da faɗuwa, ana ajiye ta ne kawai don a nuna wa jandarma. Sifana lamba 10 tana can ƙarƙashin kaya. Sai dattijon nan ya buɗe bonet, ya kama wayar da hannunsa, ya fizge. Masu sayar da ayaba a bakin hanya suka kawo ɗauki da ƙasa da ruwa. Allah ya tsare, kaya ba su kama ba. Amma na ga tafin hannun Baba. Layi ɗaya wayar ta zana masa daga gindin babban yatsa har ƙaramin, fatar ta tashi fara sol, ba ya iya dunƙule hannun.

Damin wayoyin dashbod ya zama dunƙule guda, akwatin fiyus na ciki ya lanƙwashe, agogon mota ya tafi. Sai da muka aika Camp Yabassi a Duwala neman na hannu, kuma kuɗin da ya shiga ya isa a sa wa motocin unguwa da yawa kyamara mai kyau.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda Alhaji ya shigo garejin yana faɗa. Wai Baba ne ya jona wani abu, ko kuma ya bar yaron mota ya sha taba a ciki, zai sallame shi. Baba yana tsaye da hannu a naɗe, bai ce uffan ba. Na ce, "Alhaji, don Allah matso ka gani da idonka." Na nuna masa ramin, bakinsa ya yi baƙi, da ɗigon tagulla a manne. Na nuna masa ragowar wayar a kan batir. Ya ce, "Amma Malam, yaron ya ce mini akwai fiyus a cikin cajar." Na kwance kan cajar na zaro ɗan fiyus ɗin gilashi na ɗora masa a hannu. Lafiyarsa ƙalau. Na ce, "Akwai, Alhaji, ga shi. A wutsiyar waya yake, gobarar kuwa a gabansa ta tashi. An sa mai gadi a uwar ɗaki ne, an bar ƙofar zaure a buɗe."

Bai haƙura ba, ya ce a ciro katin mimori a ga abin da ya faru a hanya. An rubuta 128GB a jikinsa. Muka sa a kwamfuta, sunayen hotuna sun cika allo, amma banda na kwanakin farko babu wanda ya buɗu. Katin jabu ne. Wata da watanni kyamara tana shan batir, ta ƙone mota, ta ƙone hannun bawan Allah, kuma ba ta ajiye komai ba sai na kwanakin farko. Daga nan jikin Alhaji ya yi sanyi, ya nemi gafarar Baba, ya ɗauki nauyin magani. Wannan kam ya kyauta.

Na sa aka kira mini yaron. Ba zagi na yi niyya ba, so nake ya gani. Ya leƙa, ya ce, "Maigida, haka nake sa wa kowa, ba wanda ya taɓa dawowa." Wannan maganar ta fi gobarar tsorata ni. Motoci nawa ke kwana da irin wannan wayar a Brik da Tsinga da Nkomkana? Kun san unguwarmu. Mota tana kwana jingine da shagon tela cike da yadi, gefe ga tukunyar gas, gefe ga murhun mai tsire. In da ƙarfe biyun dare wayar nan ta taɓa bodi, ko an kira 118, ta wane lungu motar kashe gobara za ta shiga?

To ku ji. Duk wayar da ta tashi daga batir ba fiyus a gindinta gobara ce da ba a sa wa rana ba. Fiyus waya yake karewa, ba kyamara ba. Ƙanƙantar kyamara ba ta rage ƙarfin wutar da batir zai turo in waya ta taɓa bodi.

Kuma ma me ya kai mutum kan batir? Akwatin fiyus yana nan cikin mota. Akwai wayar haɗi mai bakin uku da ake sayarwa don wannan aikin, da ɗan akwatinta mai sauke 12V zuwa 5V, mai yanke wuta in batir ya yi ƙasa. A ɗauki wuta da abin jona fiyus wanda ya dace da ramin, don Toyota na baya-bayan nan gajerun ƙafafu fiyus ɗinsu ke da su, ba kowane ke shiga ba. In bai shiga ba a nemo daidai, kada a murɗa waya a ƙafar fiyus a danna da ƙarfi. Bakin ramin buɗewa yake yi, bayan wata uku fitila ta fara wasa, a zo ana ce mini aljanu. Ga kyamara 2A ko 3A ya isa, kada a wuce 5A. Na sha ciro mai ruwan ɗorawa, 20A, a kan wayar da ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. Wannan da babu duk ɗaya. In kuwa dole sai an je batir, fiyus ya zauna nan kusa, kada ya wuce tsawon tafin hannu, kuma waya ta bi ta cikin roba. Ta cikin roba, na sake faɗa.

Kada a yarda da launin waya. Yawanci mai ruwan ɗorawa ita ce ta dindindin, ja ta makulli, amma akwai kamfanonin da suka juya su. A karanta takardar, a gwada da mita. A ɗauka daga layin laita ko rediyo. Layin jakar iska, da ABS, da ƙwaƙwalwar mota, da famfon mai, ba wurin wasa ba ne. Duk soket mai ruwan ɗorawa da ka gani a ƙarƙashin sitiyari ko kujera, janye tastarka daga wurin. Motocin da ke da jakar iska ta gefe kuma, waya ba ta gilmawa ta gabanta a ginshiƙin gilashi, ta baya ake bi da ita tare da wayoyin kamfani. Masu cusawa da sukurdireba su rufe, ranar hatsari za a gane aikinsu.

Wajen yanke wuta, ni a dizal 12.2V nake sawa, in batirin ya kwana biyu 12.4V. Cikakken batir 12.6V ne. Wanda ya bar shi a 11.6V don kyamara ta daɗe tana ɗauka, ya je Ngaundere da sanyin asuba ya ga ko hita za ta bar masa abin tashi. Masu zuwa Garwa da Marwa, a watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle bayan gilashi. Kyamara mai batirin litiyom a ciki kumbura take yi, ku nemi mai kafasita. Babbar mota 24V ce, a duba kafin a jona. A saita rana da lokaci, don hoton da ke nuna shekarar da ba ita ba wahalar da kai zai yi a gaban hukuma.

Katin mimori kuma, ku daina sayen na tire. Ku nemi wanda aka yi don ɗauka ba tsayawa, ku riƙa ciro shi duk wata kuna buɗe hoton jiya, ba na ranar da aka sa ba.

Ku kuma masu motoci, wallahi kuna ba ni mamaki. Mutum ya zuba miliyoyi a mota, ya zo yana ja-in-ja da ni a kan sefa dubu biyar, yana cewa "waya biyu ce fa, Malam, yi sauri zan wuce." In na ce sai na kwance ginshiƙi na gwada layi, sai ya ja motarsa ya tafi wajen mai dubu biyu. Kowa da sana'arsa. Mai gyaran salula gwani ne a tasa, mai sa baƙar leda ma haka, amma wutar mota ba tasu ba ce. 'Yan uwana masu wayarin ma ban cire ku ba. Wanda har yau yake naɗa takardar sigari ko zaren tagulla a madadin fiyus don mai mota ya samu ya tafi, ya ji tsoron Allah. Kuma in direbanka ya ce yana jin ƙauri, ka yarda da hancinsa, shi yake wuni a ciki.

Tukunyar kashe gobara a duba allurarta tana kan kore. Sifana lamba 10 ta zauna a aljihun ƙofa, kuma in hayaƙi ya tashi kan batir na bodi ake fara cirewa.

Duk wanda aka riga aka sa wa kyamara, ko sifika, ko ƙarin fitila, don Allah ya buɗe bonet yau ya dubi kan batir na wuta. In ka ga siririyar waya ta tashi daga nan ba fiyus a kusa, cire ta kafin motar ta sake kwana, ka kai wa wanda ya san aikin. Ku tura wa direbobinku wannan.