Yadda Ake Koyar da Kalmomin Kewayen Ruwa Tare da Karatu da Nahawu

Malamin da ya yi niyyar koya wa yaran firamare yadda ruwa ke tashi daga ƙasa zuwa sama, kuma ya komo, ya kamata ya san cewa darussa uku ne Allah ya haɗa masa a cikin guda, wato sanin halitta, da ƙwarewa a karatu, da ƙa'idojin nahawu. Sharaɗin samun fa'idarsu kuwa ɗaya ne: kada kalma ta riga abin da take nufi isa wurin yaro, domin abin da aka haddace ba tare da an gani ba, ba ya daɗewa a zuciya. Ga tartibin da za a bi.

Mataki na farko shi ne gwaji. Da hantsi a zuba ruwa daidai wa daida a faranti biyu, a ajiye ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, a bar yara su dubo su da azahar, su faɗi da bakinsu wanne ya fi raguwa. Bayan haka malami da kansa ya ɗora tukunya a wuta, yara na nesa kaɗan, idan ta tafasa ya ɗaga murfin ya nuna musu gumin da ya taru a ƙarƙashinsa yana ɗiga. Da wannan sun ga asalin al'amarin duka, cewa zafi ke mai da ruwa tururi, sanyi kuma ke mai da tururi ruwa.

Mataki na biyu shi ne tara kalmomi, kuma daga bakin yaran za a karɓe su, gama ɗan da ya tashi a ƙasar Hausa ya riga ya san hadari da tsawa da walƙiya tun kafin a kai shi makaranta. A raba allo kashi uku. Na sama ya ɗauki tururi, girgije, hadari, yayyafi, ƙanƙara. Na tsakiya ya ɗauki raɓa, ƙorama, kogi, tafki, teku. Na ƙasa kuwa laima, rijiya, idon ruwa. Kada a wuce kalmomi goma a zama guda, a bar sauran sai zama na gaba, kuma kowace a karanta ta gaɓa gaɓa, ana lura da haruffa masu lanƙwasa, kamar na raɓa da ƙorama.

Mataki na uku shi ne a ɗora kalmomin nan a kan ƙasar da yaran ke takawa. A bayyana musu cewa mafi yawan ruwan duniya, wajen kashi 97 cikin 100, na gishiri ne a cikin tekuna, kuma ruwan daminarmu daga Tekun Atlantika iskar kudu maso yamma ke ɗauko tururinsa, shi ya sa damina ke sauka a kudu kafin ta iso arewa, alhali iskar hunturu, da yake ta Sahara take fitowa, ƙura kaɗai take kawowa. Sa'an nan a bi kogi guda a taswira. Alal misali, kogin Kano da na Challawa sukan haɗu su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya gamu da na Jama'are, su zama kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Tafkin nan ba shi da mafita zuwa teku, saboda haka a tambayi yara ina ruwansa ke tafiya, a yi haƙuri har ɗayansu ya tuna da farantin da aka ajiye a rana.

Mataki na huɗu shi ne karatu. Malami ya rubuta ɗan labari na jimloli shida ko bakwai da kalmomin da aka tara, a karanta shi sau uku: malami ya fara a bayyane, yara su bi shi jimla jimla yana warware ma'ana kamar yadda malaman zaure ke yi wa almajiransu, daga ƙarshe kowa ya karanta a zuci. Tambayoyin da za su biyo baya su zama na dalili, irin su me ya sa rijiya ke ƙara zurfin ruwa bayan marka, domin su ne ke rarrabe mai fahimta da mai tilawa kawai.

Mataki na biyar shi ne nahawu, kuma daga cikin labarin nan za a ciro shi. Yara su ja layi ɗaya ƙarƙashin suna, biyu ƙarƙashin aikatau. A nuna musu jinsi: rana ta fito, ruwa ya sauka, rijiya ta cika, kogi ya kawo. A nuna jam'i: kogi koguna, rijiya rijiyoyi, girgije gizagizai. Mafi muhimmanci shi ne lokaci sabau, domin da shi ake bayyana abin da ke maimaituwa kowace shekara: rana takan zafafa teku, tururi yakan tashi, iska takan koro shi. A sa su juya waɗannan jimloli zuwa shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai zuwa.

Mataki na ƙarshe shi ne rubutu da bita. Kowane yaro ya rubuta jimloli biyar na kansa, yana sarƙa su da kalmomi irin su da farko, sa'an nan, bayan haka, daga ƙarshe. Malami ya maimaita kalmomin kashegari, da bayan mako guda, da bayan wata, kuma ranar da hadari ya haɗo ana cikin aji, ya dakatar da abin da ake yi, ya sa yara su leƙa ta taga, kowa ya faɗi jimla guda a kan abin da idonsa ya gani.