Gem Uku da Muka Fi So a Bana da Darasin da Suka Koya Mana



A zaman ƙungiyarmu na makon jiya, gardama ta kaure tsakaninmu 'yan aji biyu a kan gem ɗin da ya fi daɗi a bana. Da hayaniya ta yi yawa, malamin da ke kula da mu ya ce, "Tunda kun iya musu, ku je ku binciko su wa suka ƙirƙiri waɗannan wasanni, kuma me suke samu a wurinku." Mun je mun bincika. Ga ukun da muka fi so, ga kuma abin da muka gano.

Na ɗaya: eFootball

Wannan shi ne wanda yayyenmu har yanzu suke kira PES. Kamfanin Konami na ƙasar Japan ne yake yin sa, kuma a shekarar 2021 ya canza masa suna zuwa eFootball. Yawancinmu a shagon gem na unguwa muke buga shi ranar Asabar, a biya kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi ya ba wani. A nan muka fahimci ma'anar 4-3-3, wato 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba uku. Mun kuma gane cewa mai son ya ci shi kaɗai ba ya daɗewa a kan kujera, domin wanda ya iya ba da ƙwallo shi ne yake yin nasara. Abin lura a nan shi ne wasan yana da ƙarshe. Da alƙalin wasa ya hura tashi, shi ke nan, kowa ya kama hanyar gida.

Na biyu: Minecraft

Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya fara fitar da shi a 2009. A 2014 kamfanin Microsoft ya saye kamfanin da ke yin sa a kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. A waya ma sai an biya kuɗi, shi ya sa mu da yawa a wayar yayan wani abokinmu muke yin layi.

A cikinsa komai da bulo ake gina shi. Mutum zai sari itace, ya haƙo dutse, ya gina ɗaki kafin dare ya yi dodanni su fito. Kwana ɗaya a cikin gem ɗin minti 20 ne kacal. Idan muna son daɓen ɗaki mai tsawon bulo 6 da faɗin bulo 5, sai mun tara bulo 30. Ashe lissafin fili ne da malamar lissafi take ta fama da mu a kansa! Haka kuma a cikinsa ake gasa yashi ya zama gilashi, kuma da muka tambayi malamin kimiyya ya tabbatar mana cewa gilashin gaske ma daga yashi ake yin sa.

Na uku: Subway Surfers

Wannan kusan kowa ya taɓa buga shi, maza da mata, domin kyauta ne kuma ba ya buƙatar data. An yi shi a ƙasar Denmak a 2012. Yaro ne aka kama yana fesa fenti a jikin jirgin ƙasa, sai mai gadi da karensa suka biyo shi, shi kuma yana gudu yana kwasar sulalla. A nan ne bincikenmu ya ba mu mamaki. Wannan gudun ba shi da ƙarshe. Babu wurin da za a kai a ce an gama. Da an faɗi, sai zuciya ta ce a ƙara sau ɗaya.

To me masu shi suke samu tunda kyauta ne? Suna samun kuɗi daga tallan da muke kallo, da kuma sulalla da makullan da wasu suke saya da kuɗin gaske. Ke nan idan muka daɗe muna bugawa, ribarsu ce take ƙaruwa. Mu ba mu biya da naira ba, amma mun biya da lokacinmu.

Darasin

Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi. Mu ɗauki alƙalami mu lissafa. Awa ɗaya kullum a zangon karatu mai mako 12 ya kama awa 84, wato kwana uku da rabi cur, ba barci ba cin abinci. Wannan ba labarin wasu ba ne. A zangon da ya wuce ɗaya daga cikinmu ya riƙa ɗaukar wayar mahaifiyarsa bayan sallar isha'i yana bugawa cikin bargo. Da safe sai gyangyaɗi a aji. Ya faɗi gwajin lissafi, kuma da aka gane a gida aka hana shi taɓa waya gaba ɗaya. Shi da kansa ya ce mu rubuta wannan, amma kada mu faɗi sunansa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. Ba kowane mai buga gem ne yake da ita ba. Alamominta su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita gem a kan sauran al'amuransa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illar da yake yi masa.

Saboda haka muka yi wa kanmu dokoki huɗu. Ba gem sai an gama aikin gida da aiken iyaye. Da an kira salla a ajiye waya. Ba za mu ɗauki wayar kowa ko mu ƙarar masa da data ba tare da izininsa ba. Kafin mu fara gem marar ƙarshe, za mu yanke lokacin tashi, mu kuma gaya wa wani ya tuna mana.

Jarrabawa ta kusa. Kafin fitowa ta gaba, muna so kowa ya lissafa awa nawa ya ba gem a wannan mako, awa nawa ya ba littafi, ya rubuta a takarda ya jefa a akwatin ƙungiya. Ba sai ya sa suna ba.

Allah ya ba mu sa'a, amin.

Daga 'yan aji biyu na Ƙungiyar 'Yan Jarida